Dodannin da mahaƙa kwal suka tono a Bernissart

Bernissart ƙaramin gari ne a lardin Hainaut na ƙasar Beljiyam, dab da iyakar Faransa, tsakanin biranen Mons da Tournai. Ƙasar wurin kwance take, ruwa kuma a kusa yake, don haka duk wanda ya haƙa rami neman kwal, da ruwa yake fara kokawa kafin ya ga abin da ya shiga nema. A 1782 kamfanin kwal na Anzin, wanda cibiyarsa ke tsallaken iyaka, ya gina wani dogon ɗaki a bakin dajin Bon-Secours, ya girka injin tururi irin na Newcomen don zuƙe ruwa daga rami. Ginin yana nan tsaye har yau. Harkar kwal ɗin dai ba ta kankama sosai ba sai a ƙarni na 19, bayan Beljiyam ta sami 'yancin kanta a 1830, masana'antunta kuma suka buɗe baki suna neman abin ƙonawa dare da rana. Aka yi ta buɗe ramuka a gefen garin. Ɗaya daga cikinsu shi ne Sainte-Barbe, wanda aka sa wa sunan waliyyiyar da mahaƙa Kiristoci suka ɗauka majiɓinciyarsu, suke bikinta ranar 4 ga Disamba.

Akwai wani abu da mahaƙan yankin suka tsana, suna kiransa "cran". Ana cikin bin shimfiɗar kwal lafiya lau sai ta yanke, a ci karo da tarkacen duwatsu da yashi da baƙar laka mai ɗoyi. Ba riba a ciki, ga rufi na iya ruftawa, ga ruwa na iya ɓallowa. Ba yadda za a yi sai a ratsa shi a hankali, ana tokare rufi da katako, har a sake kama kwal a ɗaya gefen. A ƙarshen watan Fabrairun 1878, a zurfin mita 322, ma'aikatan Sainte-Barbe suka shiga irin wannan wuri. Mutum biyu daga cikinsu, Jules Créteur da Alphonse Blanchard, suka fara cin karo da wasu baƙaƙen abubuwa masu gautsi a cikin lakar. Da farko sun ɗauka kututturen itace ne da ya zama dutse, abin da ba baƙo ba ne ga mai haƙar kwal. Amma da suka fasa sai ga ciki yana ƙyalli a hasken fitila, rawaya shar kamar zinariya. Ashe ba zinariya ba ce. Wani ma'adini ne da ake kira farait, haɗin ƙarfe da farar wuta, wanda ya sha yaudarar masu neman arziki. Kuma abin da ya cika ɗin ba itace ba ne, ƙashi ne.

Shugaban mahaƙar, Gustave Fagès, bai yi wasa da lamarin ba. Aka aika wa masana gutsattsarin. Pierre-Joseph van Beneden na Jami'ar Louvain ya duba haƙoran ya ce na Iguanodon ne, wani dainaso mai cin ganye da aka sani daga Ingila. Ranar 12 ga Afrilu injiniya Gustave Arnould ya buga tangaraho zuwa gidan tarihin halittu na Burusel, ya ce an sami ƙasusuwa masu muhimmanci, suna ruɓewa saboda farait, a turo De Pauw da gaggawa.

Louis De Pauw ba shehun malami ba ne. Mai aikin hannu ne, gwanin harhaɗa ƙwarangwal, wanda ya riga ya yi suna da tayar da ƙasusuwan wata giwar zamanin ƙanƙara da aka tono a garin Lier. Kamfanin ya yarda ya ba gwamnati duk abin da aka samu kyauta, ya kuma ba De Pauw zaɓaɓɓun mahaƙa su yi aiki tare. Ranar 15 ga Mayu aka fara tono gadan-gadan.

Yana da kyau mutum ya tsaya ya duba yadda aikin ya gudana, don a nan ne gwanintar take. Wuri ne matsattse, duhu ƙirin, ba haske sai na fitilar mahaƙa, ga zafi ga ɗigar ruwa. Ƙashin kuwa muddin yana cikin jiƙaƙƙiyar lakarsa lafiyarsa ƙalau, amma da ya sha iska sai ya fara tsagewa yana marmashewa. De Pauw ya ga ba zai yiwu a ciro ƙasusuwan ɗaya-ɗaya ba. Sai aka riƙa share laka a hankali har siffar dabbar ta bayyana yadda ta kwanta, a zana taswirarta, sannan a yanka ta gunduwa-gunduwa tare da lakar da ke riƙe da ita. Kowace gunduwa a sake shafe ta da ɗanyar laka, a naɗe da takarda, a lulluɓe da filasta irin wadda ake ɗaure karaya da ita, a ɗaure da zoben ƙarfe. Kowace dabba da harafinta, kowace gunduwa da lambarta, don in an kai Burusel a san wuyan wa ke haɗuwa da kafaɗar wa. Daga nan a ɗora a keken kwal, a tura zuwa bakin rami, a ja sama. Kafin a gama an fitar da gunduwa wajen 600, nauyinsu duka tan 130.

De Pauw ya san ƙashi, amma bai san ƙasa ba. Sanin inda za a kafa katako, da jin ƙarar da rufi ke yi kafin ya rufta, da gane ɗigar ruwan da ba ta da illa da wadda ke gaban ambaliya, wannan duk ilimin su Créteur ne, kuma ba don shi ba da ko haƙarƙari ɗaya bai fito ba. A watan Agustan shekarar girgizar ƙasa ta toshe wa ma'aikatan hanya na ɗan lokaci. A watan Oktoba ruwa ya ɓalle ya cika wurin, aka gudu aka bar kayan aiki da gunduwoyin da aka riga aka naɗe. Sai a watan Mayun 1879 aka sami komawa.

A wannan tazarar ne, ranar 17 ga Afrilun 1879, iskar gas ta fashe a ramin Agrappe da ke Frameries, a wannan yanki na kwal, mutum 121 suka mutu. Haka rayuwar take. Mata da ƙananan yara suna shiga rami, don dokar da ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin masana'anta ba ta zo ba sai 1889. A daidai waɗannan watanni wani saurayi ɗan Holan yana yawo a ƙauyukan Borinage, yankin da Frameries take, yana wa mahaƙa wa'azi, yana raba musu tufafinsa, har hukumar cocin ta ga abin nasa ya yi yawa ta sallame shi. Vincent van Gogh ke nan, tun bai zama mai zanen da duniya ta sani ba. Emile Zola kuma daga yajin aikin Anzin na 1884, can tsallaken iyaka, ya samo kayan littafinsa Germinal. Wanda ya san wannan ba zai kalli ƙasusuwan Bernissart da ido ɗaya ba.

Aka ci gaba da tono har 1881, aka buɗe wata hanyar a zurfin mita 356, nan ma aka samu. Abin da ya fito ya wuce tunanin kowa: ƙwarangwal wajen 30 na Iguanodon, mafi yawansu cikakku, ƙashi na manne da ɗan'uwansa, ban da gutsattsarin wasu. Ga kifi kusan 3,000, ga kadoji, ga kunkuru iri biyu, ga wata 'yar halitta dangin kwaɗo mai jela, ga ganyaye, har da kashin dabbobi da ya zama dutse. Sai gwamnati ta ce ya isa. Kuɗi sun tafi da yawa, gidan tarihin ma ba shi da wurin ajiye abin da ya riga ya karɓa. Ba don ƙasusuwan sun ƙare aka tsaya ba.

Daga nan labarin ya bar Bernissart ya koma babban birni. Da yake babu ɗakin da zai ɗauki dabba mai tsawon mita 10, sai aka mai da wani tsohon ƙaramin coci na fadar Nassau ya zama wurin aiki. Aka kafa dogayen katakai, aka rataye ƙasusuwa da igiyoyi, ana ja ana sassautawa har a sami tsayuwar da ake so, sannan maƙera su ƙera ƙarfen da zai riƙe ta. An gama na farko a 1882, a watan Yulin 1883 aka nuna wa jama'a cikin wani ɗakin gilashi a farfajiyar fadar. A 1891 aka kwashe su zuwa sabon mazaunin gidan tarihin a lambun Léopold, inda suke har yau.

Sai rabon suna. Van Beneden ya dage cewa irin na Ingila ne da aka riga aka sani. Wani matashi, George Albert Boulenger, ya ƙirga ƙasusuwan ƙugu ya ga sun fi na Ingila yawa, ya ce sabon iri ne, a 1881 ya raɗa masa Iguanodon bernissartensis. Gaskiya kuwa tana wajen matashin. Garin ya sami sunansa a jikin dabbar, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙaramin kadan da aka samu aka kira shi Bernissartia fagesii, don girmama shugaban mahaƙa Fagès. Kunkurun iri biyu da 'yar halittar mai jela suka tafi da sunayen manyan mutane masu sarauta da dukiya. A cikin waɗannan babu sunan lebura ko ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko da yake, a yi wa Fagès adalci, wani shugaban da cewa zai yi a zubar da tarkacen a ci gaba da neman kwal, kuma ba wanda zai ji labari.

Me ya sa masana suka ruɗe da wannan samu haka? Sai an koma baya kaɗan. Wani likita a Ingila, Gideon Mantell, shi ya fara bayyana dabbar a 1825, kuma haƙora kawai yake da su da 'yan gutsattsari. Ya ga sun yi kama da na iguana, wani babban ƙadangare na ƙasashen Amurka, daga nan sunan ya fito. A cikin abin da ya tara akwai wani ƙashi mai tsini, ya rasa inda zai sa shi, sai ya ɗora shi a kan hanci. Da aka gina gumakan dainaso a lambun Crystal Palace na Landan a 1854, haka aka yi Iguanodon: jibgegen abu mai ƙafa huɗu da ɗan ƙaho a hanci. Gumakan suna nan, ƙahon ma yana nan. Ƙwarangwal ɗin Bernissart ne suka raba gardama, don ga ƙashin nan mai tsini a inda Allah Ya ajiye shi, a hannu. Babban yatsa ne. Hannun ma kansa abin kallo ne: babban yatsa tsinin mashi, yatsu uku na tsakiya a haɗe masu kofato, ƙaramin yatsa kuma dogo mai lanƙwasuwa.

Wanda ya yi wannan nazari shi ne Louis Dollo, injiniya haifaffen Lille, wanda ya shiga gidan tarihin a 1882. Ya ajiye ƙwarangwal ɗin wani ƙaramin dangin kangaru da na wani tsuntsu dangin jimina a gefensa yana kwatantawa, ya yanke cewa dabbar da ƙafa biyu take tsayawa, kai a sama, jela a ƙasa tana tokare ta. Haka aka tsayar da su, kusan mita 5 daga ƙasa zuwa ka, kuma haka yaran Turai suka san Iguanodon kusan shekara ɗari. Sai a 1980 wani Bature ɗan Ingila, David Norman, ya sake bin ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna cewa jelar cike take da jijiyoyin da suka zama ƙashi, miƙaƙƙiya ce ba ta lanƙwasuwa, kuma sai da aka karya ta kafin ta yarda ta kwanta yadda Dollo ke so. Dabbar a kwance bayanta yake, jela a sama, yawanci tana dafa ƙasa da waɗancan yatsu masu kofato. Dollo ya gyara wa Mantell hanci, Norman ya gyara wa Dollo jela. Amma an bar na Burusel a tsayuwarsu ta da, don sun yi gautsin da ba za su jure a sake kwance su a canza musu fasali ba.

Gautsin nan shi ne ciwon da ya bi su tun daga rami. Farait in ya haɗu da iska mai laima sai ya rikiɗe ya kumbura, ya fasa ƙashin daga ciki. De Pauw ya yi iya saninsa: ya jiƙa ƙasusuwan da tafasasshen danƙon fata da man kanumfari, ya ƙanƙare farait ɗin da ido ke gani, ya shafe da gam, ya cike gurabu da jiƙaƙƙiyar takarda. Ashe laima ya kulle a ciki. Daga Disambar 1935 zuwa Agustan 1936, a zamanin shugabancin Victor van Straelen, aka sake yi musu wanka da sifirit da gubar asanik da kilo 390 na ƙaron shalak, abin da ya ba su launin ƙasa-ƙasa mai duhu. Daga 2003 zuwa 2007 aka sake cire duk wannan aka sa gam na zamani. Yanzu suna cikin katafaren akwatin gilashi da ake lura da laimarsa. Abin da laka ta riƙe shekara miliyan 125 ba tare da ko sisi ba, ga shi ƙarni ɗaya da rabi ana kashe masa kuɗi.

Wannan adadi na miliyan 125 yana da nasa abin mamaki, don kwal ɗin da ke kewaye da ƙasusuwan ya haura shekara miliyan 300. Yaya ƙaramin yaro ya shiga tsakiyar kakanni? Edouard Dupont, shugaban gidan tarihin a lokacin tonon, ya ce wani kwazazzabo ne mai zurfi dabbobin suka rayu a bakinsa suka mutu a ciki. A 1898 Jules Cornet da Gaspar Schmitz suka nuna ba haka ba ne. Can ƙasa da kwal akwai duwatsun da ruwa ke narkarwa. In sun narke sai a sami kogo, rufinsa ya rufta, na samansa ma ya bi, har abin ya kai doron ƙasa ya zama tafki ko fadama. Lakar da ta taru a tafkin, da duk abin da ya mutu a ciki, sai ta yi ta nutsewa a hankali cikin wannan rijiya ta halitta, har ta sauka ɗaruruwan mitoci. Abin da mahaƙa ke zagi da "cran" ke nan. An kuma sami ƙwarangwal ɗin a hawa daban-daban na lakar, alamar ba garke ɗaya ne ya hallaka rana ɗaya ba. 

Da Jamus ta mamaye Beljiyam a Yaƙin Duniya na Ɗaya, masananta ba su manta da abin da aka bari a ƙasa ba. Aka turo Otto Jaekel ya shugabanci sabon tono, da niyyar a kai abin da aka samu gidajen tarihin Jamus. Aka fara haƙa sabuwar hanya zuwa wurin lakar, ana dab da isa yaƙi ya ƙare a 1918, Jamusawa suka tattara nasu ya nasu. Bayan yaƙi an yi ta maganar a ci gaba, amma kuɗi suka gagara. A 1921 aka daina aiki a Sainte-Barbe, aka kashe famfunan zuƙe ruwa, ruwa ya koma inda aka kore shi. Kwal ne ya kai mutum zurfin mita 322, don ba wata jami'a ko gwamnati da za ta haƙa irin wannan rami saboda ƙashi. Da kwal ya daina biyan kuɗin famfo, hanya ta rufe.

Irin wannan dangantaka tsakanin masu neman ma'adini da masu neman ƙashi ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Masu binciken yuraniyom na hukumar nukiliyar Faransa ne suka ga ƙasusuwa zube a Gadoufaoua, cikin Tenere kudu maso gabas da Agadas, aka kira Philippe Taquet daga Faransa a tsakiyar shekarun 1960. Abin da ya tono, wanda ya raɗa wa Ouranosaurus nigeriensis a 1976, ɗan'uwan Iguanodon ne na kusa, har da ɗan tsinin babban yatsan, sai dai shi yana da dogayen ƙasusuwa jere a gadon baya. Wanda ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai gan shi. Can an sha duhu da ruwa, nan an sha rana da ƙishirwa.

A Bernissart kuwa kwal ya ci gaba da ja da baya. Ramin Harchies, ƙauyen da ke cikin ƙaramar hukumar, shi ya fi daɗewa, aka rufe shi a 1968. Ƙasar da aka rarake ta ƙarƙashi ta yi ta lotsawa, ruwa ya kwanta a kan gonaki da makiyaya, aka sami fadamun Harchies, waɗanda yanzu matattarar tsuntsaye ce da doka ta kare. A 1975, ana haƙa mashigin jiragen ruwa a Pommeroeul, wani ƙauyen na ƙaramar hukumar, sai ga jiragen katako na zamanin Rumawa da ragowar tashar ruwa, shaidar cewa kusan shekara dubu biyu da suka wuce wurin kasuwa ne. Su ma ba su zauna a gida ba, suna gidan tarihi a garin Ath. Sau biyu ke nan ana tono abin duniya a ƙasar mutanen nan a tafi da shi wani wuri. Akwai hujja, ba a musu: ƙaramin gari ba shi da kuɗin riƙon ƙashi mai ciwon farait ko katakon da ya sha ruwa ƙarni goma sha takwas. Amma shekara da shekaru jikokin mahaƙan sai sun hau jirgin ƙasa sun sayi tikiti kafin su ga abin da kakanninsu suka tura a keken kwal.

Sai a 2002, shekara 124 bayan su Créteur sun fasa ƙashin farko, Burusel ta ba da aron ƙwarangwal na gaske guda ɗaya, aka tsayar da shi a ƙaramin gidan tarihin Iguanodon da ke garin. A wannan shekarar da wadda ta biyo ta, masana daga makarantar injiniyoyi ta Mons da gidan tarihin Burusel suka kawo injin haƙa irin na rijiyar burtsatse, suka huda ƙasa daidai kan wurin lakar, suna zaro ta sanda-sanda. A kusa da zurfin mita 300 sandar ta fito da gutsattsarin ƙashi. Rami mai faɗin tafin hannu, a wurin da aka zaɓa daga tsofaffin taswirorin kamfani, ya faɗa kan ƙashi, wanda ke nuna yawan abin da ya rage. An yi lissafi, an rubuta shawarwari kan yadda za a sake sauka, ta sabon rami da famfuna da duk abin da kamfanin kwal ya taɓa yi da kuɗin kwal. Har yanzu ba wanda ya ɗauki nauyin biya.